Faifan da Alhaji Iddrisu Bai Saƙa Ba

Ni ce Sahadatu, wadda mutanen unguwar Maamobi, a nan babban birninmu Ankara, ke ce wa Mma Mai Faifai. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma bakina da ransa. Na sa an rubuta mini wannan ne saboda maganar da ake yawo da ita daga Nima har Kotobabi, wai tsohuwa ta tozarta mutumin da ya ba ta ɗaki. To, ga yadda aka yi. Wanda ya ji ya ga laifina ya zo ya faɗa mini ido da ido. Kullum ina ƙofar gida, ba na zuwa ko'ina.

Shekara arba'in da 'yan kai ina saƙar faifai. A Salaga kakata ta koya mini, basilla a hannunta na dama, tsumagiya a na hagu. Kabata daga arewa take zuwa a motar 'yan shanu. Ni ke tsaga ta da farcena, ni ke rina ta: ja da karan dafi, rawaya da gangamau, baƙi da bagaruwa da ruwan tsatsa. Galurar kanti ba ta taɓa shiga tukunyata ba. Faifaina, ki zuba masa garin dawa ki ɗaga sama ki leƙa ta ƙasa. In ƙura ta faɗa miki a ido, dawo mini da shi. Ba a taɓa dawowa ba.

Tun da mijina ya rasu nake zaune a gidan Alhaji Iddrisu, mai saukar da 'yan shanu. Kun san shi. Mutumin da tumbinsa ke riga shi shiga masallaci ya kama masa sahu. Ba mugu ba ne, ban ce mugu ne ba, kada a ƙara mini. Shi ne maigidanmu, mu 'yan haya goma sha ɗaya, kuma a Zango, unguwannin baƙi irin namu, kowa ya san amfanin maigida.

Wanda bai sani ba, bari in gaya masa. Akwai tankas, masu duba-gari. Su shigo miki, su buɗe randa, su leƙa bayan ɗaki, su zaro littafi. Sunan da ya shiga littafin nan, sammaci na biye da shi. Saboda haka tun kafin a haifi wasunku muke da doka: ba a ba mai alƙalami suna. In ya matsa, a ba shi na maigida. Maigida ya san hanyar kotu, ya san yadda ake tsayawa gaban alƙali, ya je ya dawo a sasanta a cikin gida. Haka muka tarar, haka muke yi.

Wata Talata da hantsi, shekara guda bayan Turawa sun sauke tutarsu, na gama rini na watsa ruwan karan dafi a gota, kwatar bakin hanya. Ya bi gangare ja wur, kamar an yanka bijimi a ƙofar gidanmu. Ban ko ajiye tukunyar ba sai ga mutum a kaina: gajeren wando, doguwar safa, sanƙo na ƙyalli, littafi a hammata. Bayansa wata mata 'yar Ankara da takalmi mai tsini, tana tsallake ruwan kamar zalɓe.

"Sannu da aiki, Mma," in ji mai littafin.

"Ruwan nan ba nawa ba ne," na ce. "Daga sama ya gangaro."

Ya dubi hannuwana, ja har gwiwa. Ya ce sunansa Fatawu, akawu ne, wannan kuma Madam Ayele ce, shugabar wata ƙungiya ta matan gari masu ilimi. Ya ƙara wasu maganganu, wai nuni, wai sana'ar hannu, wai sabuwar ƙasa. Ni dai littafin nake kallo. Tankas ma da daɗin baki suke farawa.

Madam ta tsuguna gaban tabarmata tana ɗaga fayafayan ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kan babban, mai zanen zabuwa, wanda na yi sati uku a kansa. Ta juya shi, ta shinshina, ta ɗaga shi ga rana. Na faɗi kuɗi, ta miƙo ba ta taya ba. Mutum ya sayi abu a Maamobi bai taya ba? Na ce a raina, shaida suke tarawa, wannan faifan gaban alƙali zan sake ganinsa.

Fatawu ya buɗe littafi ya lashi fensir. "Wa ya saƙa wannan, Mma? Sunan za mu rubuta."

"Alhaji Iddrisu."

Ya ɗago kai. "Alhaji? Namiji?"

"Kai ka tambaya, ni na faɗa. Rubuta."

Ya rubuta.

Ku tsaya, na san abin da za ku ce. Na yi ƙarya, na yi. Amma wace ce a cikinku ba ta taɓa yi ba? Awabu mai koko, maƙwabciyata, sau uku Alhaji yana zuwa kotu a kan akuyarta, shi da ko kaza ba ya kiwo. Da yamma ma sai da na gaya masa ya shirya, takarda na tafe. Ya yi tsaki ya ce, "Mma, ke da jan ruwanki za ku ƙarar da ni," ya wuce masallaci.

Bayan sati uku sai ga baƙar mota ta tsaya inda hanya ta ƙare, don mota ba ta isa ƙofarmu. Fatawu ya shigo ya ce Alhaji ake jira. Alhaji ya shiga ɗaki ya fito da rigar kotu. Kowane maigida yana da ita: tsohuwa, mai faci a kafaɗa, don kada alƙali ya ga shadda ya ƙara tara. Matan gida suka raka shi da "Allah ya sassauta." Ni har tausayinsa na ji.

La'asar sakaliya ya dawo, baki har kunne, langa uku a hannu, da wata takarda cikin gilashi ya rungume ta a ƙirji kamar jaririya. Ashe ba kotu ba ce. Gasa ce ta sana'ar hannu, daga duk faɗin Ankara, masu kwando da masu tukwane da masu duwatsun wuya, kuma faifan zabuwa ya zo na ɗaya.

"An tafa mini, Mma," ya ce. "An ɗauke ni hoto."

"An tafa maka da ka yi me?"

"Da na tsaya."

"Ba ka ce musu ba kai ba ne?"

"Da Turanci ake komai. Kafin in gane ba tara za a ci ni ba, har an ba ni lemo na sha." Ya ajiye langa ukun, kyautar gasar, a gabana. "Ɗauki duka, halalinki ne."

"Takardar fa?"

"Me za ki yi da takarda? Karatu kike?"

"Kai kana yi?"

"Sunana ne a ciki."

"Aikina ne a ciki."

"Wa ya ba su sunan?" Ya gyara rungumar gilashin. "Mma, shekara ashirin ina karɓar takardu a kan mutanen gidan nan. Ta akuya, ta randa, ta shara, ta jan ruwa. Ba wanda ya taɓa cewa a ba shi tasa. Yau ɗaya aka kawo mai daɗi, ita ce za ki ce ba tawa ba?"

Nan aka fara shirin kiran salla. Ya nemo ƙusa ya kafa ta a zaure, inda duk mai shigowa sai ya gani.

Na ce to, takarda ce, ba ta cin tuwo. Kwana biyu sai Awabu ta shigo da ƙosai a naɗe cikin jarida, tana dariya har tana tari. Ta warware. Ga Alhaji da rigar faci, riƙe da faifaina nesa da jiki kamar wanda aka miƙa wa ɗan wani yana fitsari, man ƙosai ya cinye masa rabin fuska. Aka karanta mana: wai talaka ne mai basira, namiji tilo da ya riƙe sana'ar kakanni. Talaka! Mutumin da ke da gida uku a Nima.

Wannan ma na haɗiye. Abin da ya ƙona ni ran Lahadi ya zo. Rakia ta Kotobabi, wadda ta shekara goma tana sayen faifai a hannuna, ta zo neman goma sha biyu na jeren 'yarta. Na baje mata kaya. Ta dudduba, ta taɓe baki.

"Mma, ba waɗannan ba. Na hannun Alhaji muke so."

"Na hannun wa?"

"Ai an gane. Ana ganinki da basilla, amma an ce ƙananan kike yi, manyan shi ke yi a ɓoye. Ba laifi ba ne, kowa da abincinsa. Amma bikin 'yar fari ne, a ba mu na ainihi ko da tsada."

Na dubi yatsuna, waɗanda basilla ta cinye har ba sa jin zafin tukunya. Na ce mata ta tashi daga tabarmata tun ina ganin girman uwarta. Ta tashi, kuma ba ita kaɗai ta zo da wannan maganar ba a satin nan.

Ana cikin haka Fatawu ya dawo da saƙon Madam. Wasu manyan baƙi za su zo daga ƙasar waje nan da kwana goma, ana so mai basirar ya zo ya saƙa a gabansu su gani da idonsu. Kuma lallai ya zo da rigar faci, ita baƙi suka gani a jarida.

Ranar Alhaji bai ci abincin rana ba. Bayan azahar ya yi sallama a ƙofar ɗakina da farin goro a ganye.

"Mma, ki rufa mini asiri."

"Je ka faɗa musu gaskiya."

"Bayan jarida? Har Bawku an gani. Dillalin da aka kama da ƙarya a jarida, wa zai sake ba shi amanar shanu?"

"To ka zauna da ƙaryarka."

"Ki koya mini. Kwana goma ne. Ai ba wani abu ba ne, zagaye ne kawai."

Zagaye ne kawai. Wannan maganar ce ta sa na yarda. Ba don Allah na yi ba, kada a rubuta mini ladan da ban nema ba. Na san faifai, na san ba a koyonsa a kwana goma. Na ce bari ya je gaban manyan mutane ya kwance wa kansa zani da hannunsa, sannan a tambayi wa ya yi na zabuwa.

Kullum bayan la'asar muke shiga ɗakin da yake ajiye igiyoyin shanu, ya tura ƙofa. Matsala ta farko, faifai a cinya ake saƙa shi, ƙafa a miƙe. Alhaji ba shi da cinya, tumbi ya gaje wurin. Sai a kan tumbin ya ɗora aikin, in ya yi numfashi aikin ya hau, in ya sauke ya gangaro. Na nuna masa cibiya, inda ake farawa: ka dunƙule ciyawa, ka naɗa kaba, ka huda da basilla, ka zura, ka ja da hankali. Duk sirrin a jan yake. Ka ja da yawa, faifai ya tattare ya zama ƙoƙo. Shi kuwa ja yake kamar bijimi ya ƙi shiga mota.

"A hankali, Alhaji! Kaba ce, ba wuyan bijimi ba."

"Ai a hankali nake."

"Jiƙa ta, ta bushe."

Mu da baki muke jiƙa kaba in za ta tsage. Ya sa a baki, bakin cike da goro. Duk farar kabata ta koma kalar tsatsa. Ya soki yatsa, ya yi salati da ƙarfi har matarsa Mulikatu ta buga ƙofa.

"Alhaji, lafiya? Me kuke yi a ciki da Mma?"

"Magani take ba ni!"

Washegari duk gidan ana yi masa ya jiki. Liman ya aiko da rubutu, Alhaji ya shanye a gabana.

Kwana tara ya haɗa wani abu. Ba faifai ba, ba kwando ba. Ya tattare ya yi tsini sama kamar suri, gefe ɗaya ya zube, ciyawa ta leƙo ta wuri bakwai. Na ce masa madalla, haka za ka kai musu. Na kwana ranar da farin ciki.

Taron a wani babban ɗaki aka yi, kusa da bakin teku, da fanka a rufi. Ni na je a matsayin mai ɗauko masa kaba. Aka ɗora Alhaji a kan dandamali da rigar faci, ya miƙe ƙafa, ya ɗora surinsa a tumbi. Gumi har yana ɗiga daga gemu. Ya huda, ya zura, ya ja, kaba ta tsinke. Ya sake. Na gyara zama ina jiran dariya.

Ba wanda ya yi dariya. Wata doguwar Baturiya ta taso, ta karɓi abin daga hannunsa, ta jujjuya, ta kife shi a kanta. Wallahi kamar an gwada. Gefen da ya zube ya sauko ya kare mata ido ɗaya. Ta juya ga 'yan'uwanta, sai tafi raf raf raf. Madam ta miƙe ta yi dogon jawabi, daga baya na ji wai cewa ta yi sabon salo ne na sabuwar ƙasa.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Wannan ba faifai ba ne!" na ce, da muryar da nake kiran masu motar shanu. "Ko kare ba zai yarda a rufe masa tuwo da shi ba! Mutumin nan kwana tara ke nan da ya fara riƙe basilla! Ni na saƙa na zabuwa, ni, da yatsun nan! Ku duba hannunsa ku duba nawa!"

Madam ta juya ga Fatawu. Shi kuwa ya san shi ya rubuta littafi, in magana ta fito sanƙonsa za a fara dubawa. Ya share gumi ya faɗi wani abu da Turanci. Sai na ga an juyo ana tafa mini ni ma. Madam ta taho tana murmushi ta liƙa mini sisi a goshi. Sai a hanya aka fassara mini: ce musu ya yi zabiyar Alhaji ce ni, kirari nake masa.

Kafin mu fito, baƙin sun ce a yi musu irin wannan malfar guda sittin, kafin jirginsu ya tashi.

A cikin motar komawa Alhaji ya matso kusa da ni, har da sassauta murya.

"Mma, sittin fa. Ki yi su a karkace kawai, ai ya fi sauƙi. Ko sisi ba na so, duk naki."

Na dube shi. An ƙwace mini suna, an mai da ni zabiya, yanzu in zauna da hannun da kakata ta gyara da tsumagiya in saƙa a karkace da gangan, a ce aikin Alhaji ne. Akwai mutane a motar, abin da ke bakina kuwa ba na cikin mota ba ne. Da gari ya waye na yafa mayafi na tafi wurin Mai Unguwa.

Mai Unguwarmu, Baba Abdulai, tsohon saje ne, kurma a kunne ɗaya, kuma shi ke zaɓar wanne. Ya sa aka kira Alhaji, dattawa suka zauna, Magajiyar mata ma ta zo. Na faɗi tawa tun daga Salaga. Ya bari na gama.

"Wa ya ba akawun sunan Alhaji?"

"Ranka ya daɗe, gajeren wando gare shi, ga littafi."

"Wa ya ba shi?"

"Ni."

"Wato kin jefa masa dutse, ya cafe ya ga goro ne, yanzu kina so ya tofo."

Dattawa suka yi dariya. Alhaji ya samu ƙarfi, ya miƙe ya jero takardunsa na shekara ashirin, ta akuya, ta randa, ta shara. Ya ce al'adar Zango ce, takarda ta maigida ce, mai ɗaci da mai zaƙi. Na ga kawuna suna gyaɗawa, na ce shi ke nan, maza sun haɗa kai.

"Gaskiya ka faɗa, Alhaji," in ji Mai Unguwa. "Al'ada ce, ba ni zan karya ta ba. Takarda taka ce." Ya ɓare goro, ya ɗauki lokacinsa. "Kuma al'adar ta ce abin da takarda ta jawo, maigida ke ɗauka. Ta akuya ta jawo tara, kai ka biya. Wannan ta jawo malfa sittin, kai za ka saƙa. A ƙofar gida, inda masu saƙa ke zama, don can ne da haske. Magajiya, duk macen da ta taɓa masa kaba daga nan har Kotobabi, a kawo mini ita."

"Ranka ya daɗe," na ce, "ni ba malfa ta kawo ni ba, sunana nake nema."

Ya juyo mini kunnen da ba ya ji. "Je ki zauna, Mma. Sunanki na tafe da ƙafarsa."

Washegari Alhaji ya shimfiɗa buzu a ƙofar gida, taku biyar daga tabarmata. Ni aikina nake. Matan unguwa ne suka rama mini. Duk wadda ta wuce da tulu sai ta tsaya: "Sannu da aiki, 'yar'uwa." Awabu ta kawo tsohon faifanta na rufe koko ta ce ya daje mata baki in ya samu sarari. Magajiya ta aiko masa da sanarwa cewa matan sana'a za su fitar da anko na sunan jikar wance, yadi nawa zai ɗauka? Liman ya wuce, tari kawai ya yi, amma tarin ya daɗe.

Duk wannan ya jure. Rana ta uku da hantsi wasu Fulani uku suka sauka daga motar arewa, baƙinsa na shekara da shekaru. Suka tarar da maigidansu ƙafa a miƙe, kaba a baki, rabin suri a kan tumbi. Suka gaishe shi da ladabi. Suka tsaya. Babbansu ya tambayi wani mai wucewa ko har yanzu gidan Alhaji Abdulganiyu, wani mai saukar da 'yan shanun, na karɓar baƙi, suka ɗauki sandunansu suka miƙa.

Alhaji ya bi su da kallo har suka sha kwana. Ya tofar da kabar, ya shiga zaure. Na ji ƙarar ƙusa. Ya fito da gilashin a hammata.

"Tashi mu je."

Na tafi da Awabu, don shekara talatin tana sayar wa Ankarawa koko, harshensu a bakinta yake. Ba zan sake tsayawa a bayan Turancin Fatawu ba. Da muka shiga ofishin Madam ya taso zai tare mu, Awabu ta ratse shi kamar labule ta yi wa Madam magana kai tsaye. Alhaji ya faɗi gaskiyar magana yana kallon silin, Awabu na juyawa, ina zargin har da ƙari. Madam ta dubi Fatawu, ya shiga neman wani abu a aljihun tebur.

Duk da haka sai ta ce ina shaida. Ni, shaida! Na zauna a ƙasan ofishinta, kan siminti, na miƙe ƙafa, na zaro basilla daga ɗankwali. Kafin shayinta ya huce na yi cibiya na hau zagaye na shida, ɗigon zabuwa ya fara fitowa, baƙi da fari. Ta sa aka ɗauko babban faifan nan nawa daga bango, ta kara su, ta sa tabarau. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta faɗa wa Fatawu magana da harshensu, wadda Awabu ta ce ba za ta juya ba don da alwalarta.

Aka kawo sabuwar takarda. Fatawu ya ɗauki alƙalami.

"Suna, Mma?"

Shekara sittin ban taɓa ba mai alƙalami sunana ba. Na dubi Alhaji, ya ce, "Kada ki dube ni." Na ce, "Sahadatu. 'Yar Shetu, jikar Zelia ta Salaga. Ka sa na kakata da manyan baƙi." Aka buga hatimi, aka zare tsohuwar daga gilashi aka zura tawa.

Har mun kai ƙofa Madam ta kira mu. Ta ce malfunan fa? Baƙi na jira, an riga an yi musu alkawari. Tunda yanzu an san gwanar, ko Mma za ta karɓi aikin, a sa sunanta a kai? Na ga fuskar Alhaji ta washe, har ya fara gyaɗa mini kai.

"Awabu, gaya mata a'a," na ce. "Malfa aikin Alhaji ce. Shi ya ƙirƙiro ta da hannunsa, a gabana, ni shaida ce. A bar masa sunansa a kai. Ni ba na cin haƙƙin mutum."

Na rungumi gilashina na fita. Shi na bar shi a ciki suna maganar ranar da jirgi zai tashi.